Wifi: saƙo na tafiya ko babu rezo

Karatunmu na yau a kan wifi ne.

Mutane da yawa suna tsammani wifi shi ne intanet. Ba haka ba ne. Wifi ƙaramar rediyo ce da ke cikin babbar salula, wadda ake shafawa da yatsa. Tana aikawa, tana karɓa. Amma muryarta ba ta zuwa nesa: daga zaure zuwa tsakar gida, ko daga wannan rumfa zuwa waccan. Katanga mai kauri tana rage mata ƙarfi.

Ga abin da ya kamata kowa ya riƙe. Salula biyu suna iya magana da juna ta wifi ko babu rezo, ko babu dala ɗaya ta kira a ciki. Kun sha ganin samari a kasuwar Tasawa sun haɗa kai, suna tura wa juna waƙa da fim da Xender. To, wifi ne ke wannan aiki. Salula ɗaya ta buɗe ƙofa, ɗayar ta shiga, kaya su wuce. Kamfanin waya bai ci ko sisi ba.

Hanyar da ta ɗauki fim tana iya ɗaukar abin da ya fi fim amfani. Mutum ɗaya ya je birni ran kasuwa. Ya samo bayanin malamin gona a kan ajiyar wake cikin buhu mai riɓi uku. Da ya dawo Urafan ko Korgom, sai ya raba wa duk ajin a dare ɗaya. Wanda bai ƙware da karatu ba tukuna ya saurara da kunne.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. A 2003, a ƙasar Kambodiya ta nahiyar Asiya, akwai wata jiha mai suna Ratanakiri. Ƙauyukanta ba su da waya, ba su da lantarki. Sai aka ɗaura ƙaramin akwati mai wifi a bayan moto, irin na ƴan kabu-kabu. Moto 5 ke zagaya ƙauyuka 13. A makarantar kowane ƙauye akwai kwamfuta mai aiki da hasken rana. Mutane su rubuta wasiƙunsu a ciki, su jira. In moton ya iso kusa da makarantar, akwatin ya kwashe wasiƙun da kansa, ya sauke waɗanda ya kawo. Mai moto ba ya ko sauka. Da yamma ya koma babban garin jihar, inda ke da intanet, saƙo ya wuce duniya. Har ma'aikatan lafiya sun riƙa aika bayanin marasa lafiya zuwa ga likitoci na nesa ta wannan hanya. Amsa ba ta zuwa nan take, sai moto ya sake zagayowa. Amma ai ta fi babu.

A nan Nijar ma an gwada wani abu. Daga 2014, gidauniyar Orange ta kai wa waɗansu makarantun firamare ƙaramar na'ura da ba ta wuce tafin hannu ba. An cika ta da littattafai da darussa. Yara sun riƙa ɗauko karatun ta wifi a kan allunan lantarki, ba tare da intanet ba. Ɗakin karatu ke nan cikin aljihu.

Sai dai a kula. Wifi yana shan batir, kuma caji da kuɗi ake yin shi. In an gama turawa, a rufe shi. Kada ka miƙa salularka ga wanda ba ka sani ba ya tura maka kaya, don yana iya kwashe hotunan iyalinka. Kuma ba duk muryar da ta shigo salula ce gaskiya ba. In ka ji ana tallar magani, ka tambayi ma'aikacin asibiti kafin ka sha.

Aikin wannan mako: ku ƙidaya manyan salula nawa ke cikin ajinku. Ku rubuta sunan wanda ya fi zuwa Mayahi ko Tasawa. Sannan ku shawarta da malaminku wane darasi kuke so ya fara kawo muku.