Yadda ake koyon ƙugin ƙaramar ganga

Yara, kowane ɗan Babankatami ya san ganga. Da damina, in an yi gayya, makaɗi yana bin manoma da gangar noma, yana kiɗa yana yi masu kirari. In kun matsa kusa kun kasa kunne, za ku ji amo biyu. Akwai mai nauyi, akwai kuma wani siriri mai kama da kukan ƙudan zuma. Na biyun daga zaga yake fitowa, wato ƴan siraran igiyoyin da aka ɗaura a kan fatar ganga. In an bugi fata sai ta girgiza, zaga kuma ta yi ta karkarwa a kanta.

Akwai wata ganga mai zaga da ta zo mana daga Turai. Ita ce ƙaramar gangar masu badujala, wadda ake ce wa caisse claire da Faransanci. Tun ƙarni na 15 sojojin ƙasar Suwis suke tafiya da irinta. Faɗinta kamar santimeta 35 ne. Tana da fata biyu, ta sama da ta ƙasa. Zagarta murɗaɗɗun wayoyi ne na ƙarfe, sau da yawa guda 20, an shimfiɗa su a jikin fatar ƙasa. Gangarmu da lanƙwasasshen makaɗi ɗaya da hannu ake kaɗa ta. Wannan kuwa da miƙaƙƙun sanduna biyu. Waɗanda suka je Tawa ranar 18 ga Disamba 2017, lokacin bikin Jamhuriya, sun ji ta wurin fareti.

Mene ne ƙugi?

Mai busa algaita yana iya jan murya ɗaya ta daɗe. Ganga ba haka take ba: in an buge ta sau ɗaya, nan take amon ya mutu. To, masu ƙaramar ganga sun sami dabarar jan amo. Suna sa bugu ya bi bugu kusa da kusa, har kunne ya ji abu ɗaya dogo: zrrrrr. Da Faransanci ana ce da shi roulement. Mu a ajinmu za mu kira shi ƙugi. Ana yin sa in za a ɗaga tuta, ko in ana so jama'a su natsu. A lokacin nan kowa ya yi tsit. In ƙugi ya tsinke ko ya yi ɗingishi, duk filin zai ji.

Yaro in ya fara, yana zaton saurin hannu ake so. Sai ya ɗaure damtse, ya yi ta bugu da ƙarfi, kafin minti ɗaya ya gaji. Asirin ƙugi yana cikin tsallen sanda. Hannu yana sauka sau ɗaya, sanda ta taɓa fata sau uku, ko huɗu, ko fiye.

Mataki na farko: riƙo

Ku raba tsawon sanda kashi uku da ido. Ku riƙe ta wajen ƙarshen kashi na farko daga gindi, tsakanin babban yatsa da manuni. Sauran yatsu su kewaye ta sako-sako. Ku riƙe ta kamar yadda kuke riƙe ɗan tsako: kar ya kuɓuce, kar kuma ku matse shi.

Mataki na biyu: sakin sanda

Ku ɗaga kan sanda kamar taƙi ɗaya, ku bar shi ya faɗi bisa fata da nauyinsa. Ku ƙirga tsallen da zai yi kafin ya tsaya. In sau biyu kawai ya yi, ku matsar da yatsunku gaba kaɗan ko baya kaɗan, ku sake. Wurin da sanda ta fi yin tsalle, nan ne mariƙarta. Ku yi masa alama da alli.

Mataki na uku: dannawa

Yanzu ku saki sanda, amma ku ɗan danna ta da manuni lokacin da ta sauka. Tsallen zai gajarce, ya haɗe, ya zama zzz. In kun danna da yawa, sanda za ta maƙale a fata, amon ya shaƙe. In kun danna kaɗan, za a ji bugun a warwatse: ta, ta, ta. Tsakanin biyun nan ake nema, kunne ne kuma zai gaya maku kun samu. Ku yi sau 20 da dama, sau 20 da hagu. Hannun da ya fi rauni, ku ƙara masa 20.

Mataki na huɗu: haɗa hannu biyu

Ku yi dama, hagu, dama, hagu, sannu a hankali. Kar ku jira kukan dama ya mutu kafin hagu ta sauka. Ku duba yadda mata biyu suke daka a turmi ɗaya: taɓaryar wannan tana tashi, ta waccan tana sauka, turmi ba ya zama banza. Haka sandunanku za su yi. Su tashi tsayi ɗaya, su sauka kusa da juna. In ɗaya ta fi ɗaya ƙarfi, ƙugi zai yi ɗingishi.

Mataki na biyar: bin taki

Ku riƙa taka ƙafa kamar masu fareti. A kowane taki hannuwa su sauka sau huɗu: dama, hagu, dama, hagu. Ku fara da tafiyar tsoho. In amon ya yi sumul, sai ku ƙara sauri kaɗan.

Bari mu yi lissafi. Sojoji suna yin taki kamar 120 a minti ɗaya, wato taki 2 a sakan ɗaya. In hannuwa sun sauka sau 4 a kowane taki, sun sauka sau 8 ke nan a sakan. In sanda ta taɓa fata sau 3 a kowace sauka, bugu ya zama 24. Kunnen mutum kuwa, in bugu ya wuce kamar 20 a sakan, ba ya iya rarrabe su, sai ya ji amo ɗaya. Kun ga hannuwa sun yi aiki 8, sanduna sun cika sauran.

Fata da wurin bugu

Tsakiyar fata ba ta mayar da sanda sosai. Ku matsa kaɗan daga tsakiya, daidai saman inda zaga ta ratsa. In kuna son ƙugi mai laushi, ku ƙara matsawa wajen baki, ku rage ɗaga sanda.

Sakakkiyar fata ba ta sa sanda tsalle. Makaɗanmu sun san haka: da damina fatar akuya tana shan raɓa ta saki, sai an shanya ganga a rana ko an kanga ta ga wuta. A shekarar 1957 kamfanin Remo na Amurka ya fara sayar da fatar roba wadda danshi ba ya sassauta ta. Yawancin ƙananan gangunan badujala irinta gare su, ana kuma ɗaure ta da kusoshi masu murɗawa.

In babu ganga

Ba kowace makaranta ke da ƙaramar ganga ba, amma wannan ba ya hana koyo. Ku sami guntun katako mai faɗi, ku shimfiɗa masa roba mai kauri ta tsohuwar tayar mota, ku kafe ta da ƙusa. Ku roƙi masassaƙi ya fere maku sanduna biyu na icen aduwa, masu tsawon santimeta 40, nauyinsu ɗaya, kansu a mulmule. Ku mirgina su bisa tebur: wadda ta yi rawa karkatacciya ce. Minti 10 kullum ya fi awa biyu ranar Lahadi kaɗai. In wuyan hannu ya fara ciwo, kun matse sanda ke nan; ku huta, ku sassauta. Sannu ba ta hana zuwa.

Ma'anar kalmomi

Zaga: igiyoyi ko wayoyin da ke karkarwa a jikin fatar ganga.
Badujala: kiɗa da busan sojoji.
Taƙi: awo daga kan babban yatsa zuwa kan ɗan tsakiya, in an buɗe hannu.

Tambayoyi

1. Ina zagar ƙaramar ganga take?
2. Me ke faruwa in an danna sanda da yawa?
3. Don me makaɗi yake shanya gangarsa da damina?
4. In ana taki 90 a minti, hannuwa suna sauka sau 4 a kowane taki, sau nawa za su sauka a minti ɗaya?

Aikin yi

Ku je wurin makaɗin garinku, ku gaishe shi da ladabi, ku roƙe shi ya nuna maku zagar gangarsa. Ku tambaye shi da me ya yi ta. Ku zana gangar cikin littafinku, ku rubuta sunan kowane sashe nata.