Darasi na 14: Ƙwayar Asali, ta Tayi da ta Fata

Ƙwayar asali ita ce mai iya rikiɗa ta zama tsoka, ƙashi ko jijiya. A 1998 aka fara ciro ta daga tayin ɗan Adam, wanda yakan halaka sanadiyyar haka. Nan ta zama mas'alar fiƙihu, fannin da Hausawa da dama ke karantawa a Jami'ar Musulunci ta Madina. A 2003 majalisar fiƙihu ta Makka ta haramta samar da tayi da gangan dominta.

A 2007 Shinya Yamanaka, masani ɗan Japan, ya mayar da ƙwayar fatar baligi ta asali, ba tare da an taɓa tayi ba. Tana yin kusan duk aikin ta tayi, sai dai wani lokaci takan riƙe burbushin naman da ta fito. Don haka har yanzu da ta tayi ake auna ingancinta.