Muryar Yaro a Zaman Tuntuɓa Kan Matsalar Karatunsa

Zaman tuntuɓa shi ne taron da malami da iyaye da masanin halayyar koyo kan yi domin gano abin da ya hana wani yaro ci gaba a karatu. A Ingila, inda tsarin ya kafu tun shekarun 1990, masanin kan zo ne daga ƙaramar hukuma. A makarantun ƙauyukan Ƙaraye da Rogo kuwa, nauyin yakan faɗa ne a kan shugaban makaranta da malamin aji, wani lokaci da mai unguwa. Wanda aka fi mantawa da shi a irin wannan zama shi ne yaron da aka taru dominsa.

Matsayin doka

Sashe na 12 na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya Kan Haƙƙin Yara ta 1989, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991, ya ba yaro damar faɗin ra'ayinsa a kan duk abin da ya shafe shi, a kuma auna ra'ayin gwargwadon shekarunsa da hankalinsa. Gwamnatin Tarayya ta yi Dokar Haƙƙin Yara a 2003, Jihar Kano kuma ta sami tata dokar kare yara a 2023. Sashen bai ce yaro ne zai yanke hukunci ba. Cewa ya yi a saurare shi.

Kunya da shiru

A nan ne aikin yake da wuya. Tarbiyyar Bahaushe ta hori yaro da ya durƙusa a gaban manya, ya sunkuyar da kai, kada ya tsoma baki. Don haka idan aka zaunar da shi tsakanin mahaifinsa da shugaban makaranta aka ce ya yi magana, ba za a ji komai ba sai "to" da "ba komai". Kuskure ne babba malami ya ɗauki wannan shiru a matsayin yarda, ko kuma taurin kai.

A ɗauka wata yarinya 'yar aji biyar a wani ƙauye kusa da madatsar ruwa ta Challawa tana yawan makara, makinta kuma ya ja baya. Malami zai ce talla ce, uba ya ce lalaci ne. Mai yiwuwa ne kuwa ba ta ganin rubutun allo daga bayan aji, ko wasu samari ne ke tare ta a hanya. Ita kaɗai ta san wannan, kuma ba za ta furta shi a gaban mahaifinta ba.

Farfesa Laura Lundy ta Jami'ar Queen's da ke Belfast ta nuna a 2007 cewa sauraron yaro yana buƙatar abu huɗu: wurin da zai saki jiki, hanyar bayyana ra'ayi, mai sauraro da ke da ikon aiwatarwa, da kuma tasiri a kan hukuncin. Saboda haka ya kamata malami ya gana da yaron tun kafin ranar zaman, a wurin da ake hango su amma ba a jin su. Idan mace ce, malama ta fi dacewa. Ya bayyana masa su wa za su halarta, ya kuma nemi izininsa a kan abin da za a faɗa da yawunsa. Wanda baki ya yi wa nauyi sai a ba shi takarda ya rubuta ko ya zana. Sai dai kada malami ya yi alkawarin rufe sirrin da ya shafi cutarwa, domin wajibi ne ya kai irin wannan gaba.

Bayan zaman, a sanar da yaron abin da aka yanke da dalilinsa, ko da ya saɓa wa son ransa, sannan a sa ranar da za a sake tambayarsa ko an sami canji.

Aiki: A tsara tambayoyi biyar da malamin aji zai yi wa yarinyar da aka ambata, waɗanda ba za a iya amsa su da "e" ko "a'a" ba.