Tafarnuwa da Darbejiya a Gidan Kaji da Kwamin Kifi: Ina Iyakar Aikinsu?

Tsadar magani ta sa da yawanmu mun koma kan tafarnuwa, citta, shuwaka da ganyen darbejiya. Ni ba na cikin masu raina su, amma ina so mu san inda ƙarfinsu ya tsaya, domin jarinmu ne a ciki.

A 1944 Chester Cavallito da John Bailey a Amurka suka ware sinadarin alisin daga tafarnuwa, suka nuna yana hana bakteriya yaɗuwa. Wannan sinadarin ba ya samuwa sai an daka ko an yanka ta, kuma zafi yana lalata shi. Wanda ya jefa ta guda-guda a ruwa, ko ya tafasa ta, ya rasa mafi yawan abin da yake nema.

Yaya ake gwajin? A ɗakin gwaje-gwaje ana shuka bakteriya a ɗan faranti, a ɗiga ruwan tsiron, a bar shi ya kwana a ɗumi. Washegari a auna faɗin wurin da bakteriyar ta kasa tsirowa da milimita. Ta wannan hanyar an ga tafarnuwa na aiki kan E. coli da Salmonella masu damun kaji, da Aeromonas mai kawo gyambo a jikin tarwaɗa.

Sai dai fa faranti daban, cikin kaza daban. A faranti ruwan tsiron na taɓa ƙwayar cutar kai tsaye. A cikin kaza kuwa sai ya cakuɗe da abinci, ya narke, kaɗan ne ke isa inda cutar take. Ga shi ƙarfin ganye na sauyawa da ƙasa, da lokacin tsinka, da yadda aka haɗa shi.

Ga abin da nake so mu riƙe:

1. Newcastle da Gumboro bairos ne ke kawo su. Tafarnuwa ba ta warkar da su, antibayotik ma haka. Rigakafi ne kariya, irin su Lasota, kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato na sarrafa rigakafin kaji.

2. Kashin jini a 'yan tsaki galibi kokisidiyosis ne, shi ma ba bakteriya ba ce. Maganinsa daban.

3. In za ka ba da tafarnuwa, daka ta, ka bar ta kamar minti 10, ka tace, ka zuba a ruwan sha. Kullum sabon haɗi, kuma a wanke mazubin ruwa. Ranar rigakafi a ba su ruwa zalla.

4. Masu kifi, a yi hattara da darbejiya. In ta yi yawa guba ce ga kifi, musamman ƙanana. Ganyen da ya ruɓe a kwami kuma yana cinye iskar da kifi ke shaƙa.

5. In kaji sun fara mutuwa, sun daina cin abinci, ko kifi na shawagi a sama da gyambo, lokacin jiƙe-jiƙe ya wuce. A ware marasa lafiya, a kai gawar ga likitan dabbobi ya buɗe ya duba.

Antibayotik ɗin ma ba abin ɗirkawa kullum ba ne. Tun 2006 Tarayyar Turai ta hana sa shi a abincin dabbobi don ƙara girma, saboda bakteriya na sabawa da shi har ya daina aiki, a kaza da mutum. In likita ya rubuta, a cika kwanakin, a kuma jira wa'adin da ke jikin kwalin kafin a sayar da nama ko ƙwai.

Tsirrai mataimaka ne. Tsafta, busasshiyar shimfiɗa, ruwa mai kyau da rigakafi a kan lokaci su ne ginshiƙi. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya sa albarka a kiwonmu, Ya tsare mu daga asara.