DARASIN LISSAFIN MANOMI: Zato biyu kamin a ɗora buhu bisa sikeli

 

Darasinmu na yau lissafi ne, amma lissafin da ya shafi aljihu da rumbu. In damina ta gabato, ƙungiyoyin manoma su kan tara kuɗi su sayi takin zamani. A jikin kowane buhu an rubuta kilo 50. Sai wani ya ɗaga buhu ya ce: "Wanga bai cika ba." Wani ya ce: "Ya cika, kai ne ke da ƙarfi." Gardama ta tashi, a watse ba a san mai gaskiya ba. Hausawa sun ce zato zunubi. Haka ne, in an bar shi a baki. Amma in an rubuta shi a takarda, an kai shi gaban sikeli, ya zama aiki. Yau za mu koyi yadda ake rubuta shi.

KALMOMI UKU

Ta farko, TARO. Taro shi ne dukan abin da muke magana a kai. In ƙungiya ta sayi buhu 200, to buhu 200 ɗin nan su ne taro.

Ta biyu, SAMFUR. Samfur shi ne ɗan abin da muka ɗiba muka auna. Mace ba ta shanye tukunyar miya don ta san ko gishiri ya ji. Ta kan motsa, ta ɗanɗana a ludayi. Ku lura, sai ta motsa tukuna.

Ta uku, MATSAKAICI, abin da ƴan lakkol ke kira mwayan. A tara nauyin buhunan duka, a raba da yawansu. Buhu uku masu kilo 49, da 50, da 51, jimlarsu 150. A raba uku, matsakaici 50.

Abin da muke son sani shi ne matsakaicin taro. Abin da ke hannunmu kuwa matsakaicin samfur ne kawai. Tsakanin waɗannan biyu ne ake buƙatar zato.

ZATO BIYU

Ku tuna zaman shari'a a gaban alƙali. Wanda aka kai ƙara ba shi da laifi sai an kawo shaida. Mai ƙara shi ke da nauyin kawo shaidu. Haka lissafin nan yake.

Zato na farko mun sa masa suna ZATON TUSHE. Shi ke cewa babu abin da ya sake, abu yana nan yadda aka faɗa. A takardun masu bincike ana rubuta shi H0. A maganar taki, ga shi: "Matsakaicin nauyin buhu 200 ɗin nan kilo 50 ne daidai."

Zato na biyu shi ne ZATON ƘARA, ana rubuta shi H1. Shi ne abin da muke tuhuma, muke neman shaida a kai: "Matsakaicin nauyin buhu 200 ɗin nan bai kai kilo 50 ba."

Dokoki uku ne a nan, kada a manta da su.

1. Kalmar "daidai" kullum tana cikin zaton tushe. Ba ta shiga zaton ƙara.

2. Duka zaton biyu a kan taro ake yin su, ba a kan samfur ba. Buhu goman da muka auna mun san nauyinsu, babu sauran zato a kansu.

3. A rubuta su kamin a taɓa sikeli. Wanda ya ga sakamako sannan ya zaɓi zato, kamar maharbin da ya harba kibiya ne, sannan ya je ya zana alama inda ta faɗi.

FUSKA UKU TA ZATON ƘARA

Zaton ƙara yana bin tambayar da ta dame mu.

In muna tsoron ragi, mu rubuta "bai kai ba". Misali buhun taki. Alamarsa <. Tushe: matsakaici = kilo 50. Ƙara: matsakaici < kilo 50.

In muna fatan ƙari, mu rubuta "ya fi". Alamarsa >. A ce littafin ƙungiya ya nuna cewa shekara da shekaru gonakin gari su kan ba da dami 40 a eka da irin zango na gargajiya. Bana an shuka HKP, irin hatsi mai saurin nuna. Tushe: matsakaici = dami 40. Ƙara: matsakaici > dami 40. Sabon iri shi ne mai ƙara, shi zai kawo shaida. Kada manomi ya ci bashi saboda daɗin bakin mai talla.

In ba mu san gefen da abu ya karkata ba, mu rubuta "ba daidai ba". Alamarsa ≠. A ce bankin cimaka na gari ya yi shekaru yana awo da tiya mai ɗaukar hatsi kilo biyu da rabi, sai aka sayo sababbin kwanoni. In sun fi girma, banki ya yi hasara wajen rabo. In sun fi ƙanƙanta, an cuci jama'a. Duka biyu ɓarna ce, saboda haka zaton ƙara ya dubi gefe biyu.

MISALI DA SIKELI

Wanga misali ne na koyo. A ce ƙungiya ta karɓi buhu 200 a mangaza. Magatakarda ya rubuta zato biyu a littafi, a gaban mai kawo kaya. An sa wa kowane buhu lamba, daga 1 zuwa 200. An rubuta lambobin a guntayen takarda, an zuba cikin hula, an girgiza, yaro ya zaro goma. Wannan shi ne motsa miya. In mutum ya zaɓa da ido, buhunan da suka rame zai ɗauka, ko kuwa na bakin ƙofa. An kuma gwada sikelin da dutsen awo don a tabbata ba shi da ciwo.

Ga nauyin da aka samu: 49, 50, 48, 49, 51, 48, 49, 47, 50, 49. Jimla 490. A raba goma, matsakaici kilo 49.

Wata ƙungiya ita ma ta auna goma: 44, 54, 47, 53, 45, 52, 50, 46, 51, 48. Jimla 490. Matsakaici kilo 49.

Matsakaici ɗaya ne, amma hukunci ba ɗaya ba ne. Mi ya sa?

Ku dubi na farko. Buhunan suna kusa da juna, daga 47 zuwa 51. Bakwai suna ƙasa da 50, guda ɗaya tak ya wuce. In da gaske matsakaicin taro 50 ne, samun ragi irin wannan ta hanyar dace kawai zai faru wajen sau 1 cikin 100. Abin ya yi wuya. Sai mu ƙi zaton tushe, mu ce akwai shaidar ragi.

Ku dubi na biyu. Buhunan sun warwatse, daga 44 har 54. Biyar suna ƙasa, huɗu suna bisa. In matsakaicin taro 50 ne, irin wannan sakamako zai iya fitowa wajen sau 1 cikin 5. Wannan ba abin mamaki ba ne. Ba za mu ƙi zaton tushe ba.

Masu bincike sun saba sa iyaka a 5 cikin 100. In dace zai iya kawo sakamakon ƙasa da sau 5 cikin 100, a ƙi zaton tushe. Ita ma iyakar, kamin awo ake yarda da ita. Lissafin da ke fitar da waɗannan lambobi, malamin gona zai taimaka da shi. Naku aikin shi ne rubuta zato daidai da zaren samfur bisa gaskiya.

A kiyaye: ƙungiya ta biyu ba ta tabbatar da cewa buhunanta sun cika ba. Shaida ce ba ta isa ba. Alƙali ya sallami mutum don rashin shaidu, ba don ya ga zuciyarsa ba. Abin da ya kamace su shi ne su ƙara yawan buhunan awo, su kuma tambayi dalilin da ya sa wani buhu ke da kilo 44.

Wani zai ce kilo ɗaya mi ne ne? Mu lissafa. Dabarar sa taki ɗan kaɗan a gindin shuka, wadda aka gwada a tashar bincike ta Sadore kusa da Yamai, tana cin giram 6 na taki 15-15-15 a kowane rami, wato kilo 60 a eka mai rami 10.000. Kilo ɗaya ya ishi rami 166. Ragin kilo ɗaya a buhu 200 ya zama kilo 200, wato buhu huɗu cif, takin da ya ishi eka uku da ɗoriya.

KUSKURE BIYU

Kuskure na farko: mu ƙi zaton tushe alhali gaskiya ne. Mun ɓata sunan ɗan kasuwa mai amana, baɗi ya ƙi kawo muna kaya. Iyakar 5 cikin 100 don tsare wanga kuskure aka sa ta.

Kuskure na biyu: mu bar zaton tushe alhali ƙarya ne. Mun biya kuɗin kilo 50, mun kai 49 gona. Maganinsa yawan samfur. Buhu talatin sun fi goma faɗin gaskiya.

DAGA INA WANGA ILIMI YA FITO?

Gona tana da babban rabo a cikinsa. A shekarar 1919 wani masanin lissafi, Ronald Fisher, ya kama aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, inda aka tara littattafan girbi na shekaru masu yawa. Shi ya raɗa wa zaton tushe sunan da masana ke kiransa da shi, a littafinsa na 1935. Wasu masana biyu, Neyman da Pearson, su suka tsara zaton ƙara da kuskuren nan biyu tsakanin 1928 da 1933. A ƙasarmu an kafa ma'aikatar binciken noma INRAN a 1975, kuma tana da tasha a Tarna kusa da Maraɗi. Da irin wanga lissafi masu binciken noma ke gwada iri da taki kamin su ba manomi shawara.

AIKIN GIDA

Ku zauna a ƙungiya, ku rubuta zaton tushe da zaton ƙara na kowace tambaya:

1. Mai saye ya ce damin garinku tiya 6 yake bayarwa in an sussuka. Ku kuna ganin ya fi haka.

2. An rubuta kilo 10 a jikin buhun irin wake. Kuna tsoron bai cika ba.

3. An gyara injin shukar gujiya don ya bar santimita 15 tsakanin rami da rami. Kuna son ku san ko ya kauce, ko ta wane gefe.

Ku kai amsoshinku wurin malamin gona ko malamin yaƙi da jahilci na garinku. A darasi mai zuwa za mu duba su tare, mu kuma koyi yadda ake auna warwatsuwar lambobi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya cika rumbuna. Amin.