Darasi: Ɓaure, Ƙwarinsa da Cututtukansa

'Yan'uwa, darasinmu na wannan wata a kan itacen ɓaure ne. Danginsa su ne cediya, durumi da gamji, kuma a duniya akwai irinsu fiye da 750. Ɓauren bakin rafinmu iri ɗaya ne da itacen da Zakka ya hau a Yariko. Muna cin 'ya'yansa, awaki kuma suna cin ganyensa da rani. Manufarmu ita ce mu iya bambanta abokin itacen da maƙiyinsa, don kada mu ɓata kuɗi a kan feshi.

Ƙwarin da ke cikin ɗan ɓaure

Ba mu taɓa ganin furen ɓaure a reshe ba, domin furannin suna ɓoye a cikin ɗan. Wata 'yar ƙwaro da ba ta kai ƙwayar gero ba takan kutsa ta ƙaramar ƙofar da ke bakin ɗan, ɗauke da garin fure daga wani itacen. Tana barbarar furannin, ta sa ƙwai, ta mutu a ciki. In 'ya'yanta sun ƙyanƙyashe, mazan sukan huda hanya, matan su fita da sabon gari zuwa wani ɓauren. In babu su, ɓaure ba zai yi iri ba. Saboda haka ƙwarin nan ba cuta ba ne, kada mu fesa masu magani.

Cututtukan da za mu lura da su

1. Tsatsar ganye. Takan zo da damina. Za mu ga ɗigo-ɗigon rawaya a saman ganye, da gari mai launin tsatsa a ƙarƙashinsa, sai ganyen ya kaɗe. Mu tattara wanda ya zuba mu ƙone. In dashen ƙarami ne, mu ba shi ruwa a gindi, kada mu jiƙa ganyen.

2. Baƙin ganye. Ƙananan ƙwari masu tsotson ganye suna barin darɓa, baƙin kuma a kanta yake fitowa kamar kunkunniya, ya tare hasken rana. Yawan kiyashi a jikin itacen alama ce. Mu fesa ruwan sabulu ko ruwan dakakkun 'ya'yan darbejiya da yamma.

3. Kauci. Tsuntsaye ne ke kawo irinsa, ya kafu a reshe yana shan ruwan itacen har reshen ya bushe. Fizge shi bai isa ba, zai sake toho. Mu sare reshen kamu ɗaya ƙasa da inda ya kama.

4. Ruɓewa. Yawanci daga hannunmu take. In mun yage reshe wajen yi wa dabbobi sassabe, ruwa yakan kwanta a raunin, ruɓa ta shiga, gara ta biyo baya. Mu yi sara a karkace da adda mai kaifi, kuma kada mu aske itacen gaba ɗaya. A kiyaye ido daga farin ruwan da ke fita.

Don tattaunawa a ƙungiya

Itatuwan ɓaure nawa suka rage a ƙauyenmu? Nawa ne ke da kauci? Su wa za su dasa rassan cediya ko durumi a farkon damina, su kuma killace su daga awaki?