Wa Ke da Ikon Hana Ajiye Mota a Titin Abuja?

Jama'a, duk mai tuƙi a Abuja ya san fargabar ajiye mota a bakin titi. Mutum ya shiga kasuwar Wuse ko wani ofis a Garki, ya fito ya tarar an kulle masa taya, ko janwe ya yi gaba da motar, a ce sai ya biya tara. Yawancinmu biya muke yi mu wuce, ba mu tambaya ko wace doka aka karya. To, ya kamata a sani, allo da fenti da ma'aikaci mai kaki ba su isa su mai da abu laifi ba. Sashe na 36(12) na kundin tsarin mulki na 1999 ya hana a hukunta mutum a kan laifin da ba a rubuta shi a doka ba, shi da hukuncinsa.

Wa ke rubuta dokar? A nan Abuja ta sha bamban da Kano ko Katsina, domin ba ta da gwamna, ba ta da majalisar jiha. Bisa sashe na 299, Majalisar Tarayya ce ke yi mata doka. Ministan Abuja yana iya fitar da ƙa'idoji, amma iyakar inda dokar majalisa ta ba shi dama. Daga nan sai ƙananan hukumomi 6: AMAC, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. Tsarin mulki ya ɗora wa ƙananan hukumomi kafa tashoshin mota da kula da su, da gyaran titunan unguwanni, da sa musu suna. Wata doka ta 1998, wadda ta rarraba haraji tsakanin matakan gwamnati uku, ta sanya tarar ajiye mota ba daidai ba a kason ƙaramar hukuma, ta kuma haramta tare hanya don karɓar haraji.

Amma samun iko daban, yin amfani da shi yadda ya dace daban. Sai an kai ƙuduri gaban kansiloli, su tattauna su amince, shugaban ƙaramar hukuma ya sa hannu, a buga a sanar da jama'a. Dokar ta faɗi inda aka hana, da nawa ne tarar. Bayan haka ne allon da ke bakin titi zai yi ƙarfi. Umarnin baki daga ofis, komai girman mai ofishin, bai zama doka ba.

Abuja ta ga misalin wannan ƙuru-ƙuru. Hukumar birnin ta taɓa ba wasu kamfanoni kwangilar karɓar kuɗin ajiye mota a manyan tituna, yaransu suka yi ta kulle tayoyin mutane. Wani kamfani mai suna Sun Trust ya kai ƙara, kuma a watan Afrilu na 2014 Mai Shari'a Peter Affen na Babbar Kotun Birnin Tarayya ya soke shirin. Bai ce tsara ajiye motoci mugun abu ne ba. Abin da ya gano shi ne babu dokar da ta tsaya wa shirin. An yi gini ne ba tushe. A Oktoban 2024 ma Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke cewa jami'an duba motoci na VIO ba su da hurumin kama mota ko cin tarar direba.

Kada wani ya ɗauki wannan bayani a matsayin lasisin ganganci. Mai tare hanya da motarsa a Nyanya ko Kubwa da safe, ma'aikata na sauri, marasa lafiya na neman asibiti, ya zalunci jama'a ko da doka ko babu.

Saboda haka, ɗan'uwa direba, idan aka tare ka kada ka yi faɗa, kada kuma ka miƙa na goro. Tambayi jami'in katin shaidarsa da hukumar da ta turo shi, ya faɗa maka dokar da ka karya. In ta kama ka biya, ka biya a asusun hukuma, ka karɓi rasit ka adana. In kana ganin an cuce ka, kai kuka wurin kansilan mazaɓarka ko ka nufi kotu.